Filin Masu Kiwon Kifi: Me Ya Hana Uwar Tarwada Ba Da Ƙwai Bayan An Yi Mata Allura?

Assalamu alaikum, masu kiwo da masu niyyar shiga kiwo. Tun da hunturu ya kama, kusan duk wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan ƙyanƙyasa suke. Na ɗauki huɗu a wannan watan. Ta farko za ta ci wuri, domin bayaninta ne zai sauƙaƙa mana sauran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan ɗakin ƙyanƙyasa a bayan gidana. A watan Disamba na sayo iyayen tarwada mata huɗu, kowace ta haura kilo ɗaya. Na yi musu allura da magariba, rabin mil a kan kowane kilo, kamar yadda aka koya mini. Da asuba na zo tatsa, biyu ko ɗigo ba su ba ni ba, biyun kuma ƙwai kaɗan haɗe da jini. Bayan sati biyu na ninka allurar, uwa ɗaya ta mutu. Maganin ne jabu, ko hannuna ne?
Daga mai ƙyanƙyasa, Hotoro

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Jabun magani akwai shi, na gasken ma yana lalacewa idan ya daɗe yana shan zafi a kanta. Amma yadda ka kwatanta abin, zargina ya fi karkata ga iyayen da kuma sanyin ruwa.

Allura ba ta yin ƙwai. Ƙwan da kake tatsa da asuba an ɗauki makonni ana haɗa shi a cikin uwar, allura umarnin ƙarshe kawai take bayarwa, na a sake shi. Idan babu cikakken ƙwai a ciki, ko kwalba guda ka ɗura mata, jini za ka tatso.

Daga kai abin yake farawa. Ƙwaƙwalwar kifi tana sakin wani sinadari da masana ke kira GnRH, ya sauka a kan wani ɗan farin ƙullutu da ke ƙarƙashinta mai suna fituwitari, wannan da tsofaffin masu ƙyanƙyasa suke fasa kan kifi su ciro su niƙa. Shi kuma ya tura nasa saƙon, FSH da LH, ta cikin jini zuwa jakar ƙwai. A can ake haɗa homon ɗin haihuwa, wato sinadaran da ke tafiyar da aikin haihuwa a jiki, kuma dukkansu, na mace da na namiji, daga abu ɗaya ake yin su: kolestarol, wannan dai da likitoci ke ja mana kunne a kansa.

Bakano ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Fata guda ce take barin hannun mahauci ta je majema, daga nan ta je wurin marini, ta ƙare a hannun baduku. Kowa aikinsa ɗaya, kuma ranar da majemi bai fito ba, baduku zaman jira zai yi. Haka kolestarol yake bin hannu-hannu a cikin jakar ƙwai. Masu aikin su ne enzayim, kowannensu kuma akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Ƙwayar gado mai suna star ita ke samar da ɗan dakon da ke kai kolestarol wurin aiki. Sai cyp11a1 ta datse masa jela. Sai hsd3b da cyp17a1 da wasu su ci gaba da gyara har a samu testostaron. Eh, uwar kifi ma testostaron take fara yi. Daga nan cyp19a1a, wadda enzayim ɗinta ake kira aromates, ta juya shi ya zama istiradayol, homon ɗin mace. Ku riƙe sunan aromates, zai sake fitowa a tambaya ta biyu.

Istiradayol ba ya zama a jakar ƙwai. Hanta yake nufa, ya sa ta dinga haɗa sinadarin gwaiduwa, jini ya ɗauko, ƙwai ya zuƙe, yana kumbura a hankali. Wannan shi ne aikin da ke cin lokaci da abinci. Uwar da aka yi ta ba ta dusa da hanjin kaji na jeka-na-yi-ka, hantarta ba ta da abin da za ta yi gwaiduwa da shi. Sau da yawa katon cikin da mai sayarwa zai nuna maka kitse ne.

Idan ƙwai ya cika, sai a canza aiki. Aromates ya ja baya, wata ƙwayar gado ta tashi ta samar da enzayim mai suna 20β-HSD, shi kuma ya haɗa homon na biyu, DHP, wanda ke sa ƙwai ya nuna ya rabu da jikin jakarsa. Wani masani ɗan Japan, Yoshitaka Nagahama, shi da abokin aikinsa ne suka tabbatar da wannan homon a 1985, a jikin wani nau'in kifin salmon na ƙasarsu. Amma wannan canjin ba ya faruwa sai fituwitari ya kwararo LH da yawa lokaci guda. A kogi, damina ce ke jawo hakan: ruwa ya tashi ya malale ciyawar bakin gaɓa, tarwada ta bi shi da dare ta zuba ƙwai. A tankin siminti babu ambaliya, kuma akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, da ke riƙe fituwitari ya hana shi. Sai uwa ta zauna da cikakken ƙwai, in an daɗe jikinta ya narkar da shi.

Allurar da ke hannunka wannan giɓin kawai aka yi ta ta cike. Ovaprim, alal misali, abu biyu ne a haɗe: GnRH irin na salmon da aka sarrafa, da domperidon mai kawar da dofamin daga hanya. Dabarar ta masana biyu ce, Lin Haoran na ƙasar Sin da Richard Peter na Kanada, a shekarun 1980. Kafin su, tun shekarun 1930 mutanen Barazil suke niƙa fituwitari suna yi wa kifi allura da shi. Ka ga ke nan babu homon ɗin ƙwai ko ɗigo a cikin kwalbar. Uwar ce za ta haɗa abinta, da nata ƙwayoyin gadon, a cikin daren.

A nan sanyi ya shigo. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa shi ne zafin jininsa, enzayim kuma sanyi yana rage musu sauri. Ƙididdigar da ke cikin littafin koyar da kiwon tarwada na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa da allurar fituwitari, a digiri 30 awa bakwai ake jira, a digiri 25 awa goma sha ɗaya, a digiri 20 kuwa sai an kai awa ashirin da ɗaya. Allurar kwalba takan ɗan fi haka jinkiri ma. To tankin da ya kwana a fili a Kano cikin Disamba, da asuba ruwansa yakan faɗo kusa da ashirin. Kai kuma daga magariba zuwa asuba ka ƙirga, lissafin lokacin zafi. Biyun da suka hana ka, mai yiwuwa da ka jira zuwa la'asar da sun ba ka. Biyun da suka yi jini, matsa su ka yi kafin ƙwan ya saki. Ninka allura kuwa wahalar da uwa ne kawai.

Ni ga yadda nake zaɓar uwa. Nakan hana ta abinci kwana ɗaya, domin kada cikin abinci ya ruɗe ni. In lulluɓe kanta da jiƙaƙƙen tawul, in kwantar da ita rigingine. Cikin uwar da ta shirya laushi gare shi, yana zubowa gefe da gefe, mafitarta ta ɗan kumbura ta yi ja-ja. In danna a hankali da babban yatsa, ƙwai biyar ko goma su fito a tafin hannuna. Ina son in gan su kore-kore mai ruwan ƙasa, suna ƙyalli, girmansu ɗaya, kowanne ya haura milimita ɗaya. In na ga manya da ƙanana a cakuɗe, ko farare a ciki, sai in mayar da ita ruwa. Kuma ranar tatsa, ƙwan da ya nuna da kansa yake gangarowa da ɗan shafa kaɗan. Da zarar ka ga ɗigon jini, cire hannunka.

Sayi ma'aunin zafi, bai kai kuɗin uwa ɗaya ba. Shigar da tankin iyaye cikin ɗaki ko ka yi masa rumfar leda, ka dinga ƙara masa ruwan burtsatse da aka zuƙo yanzu, domin da ɗuminsa yake fitowa. Uwar da aka tatsa a bar ta sati shida zuwa takwas da abinci mai kyau. Kuma ina roƙon masu ƙyanƙyasa su dinga raino iyayensu da kansu. Sayen uwa yau a yi mata allura gobe shi ke janyo mafi yawan asarar da ake kawo mini kuka a kai.

Tambaya: Malam, ina kiwon karfasa a tankin tamfol a gida. Na zuba ɗari biyu, yanzu ba sa ƙirguwa, sun hayayyafa sun cika tankin, kuma babu mai girma. An ce mini akwai abincin da ke mayar da su duka maza. Gaskiya ne? Kuma maƙwabciyata ta ce kifin gidan gona duk da irin wannan magani ake kiwonsa, yana hana haihuwa. Hankalina ya tashi, don yarana suna ci.
Daga wata uwa, Gadon Ƙaya

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, zan ɗauki maganar ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sami tankinki halin karfasa ne. Ita ba ta jiran allura. Tana wata biyar ko shida take fara haihuwa, in wuri ya matse ma tun tana ƙarama. Macen tana ɗaukar ƙwanta a baki fiye da mako guda ba ta cin komai, ta sake su, ba da daɗewa ba ta sake ɗauka. Ƙarfinta duk a nan yake tafiya. Namiji ya fi ta saurin girma nesa ba kusa ba, shi ya sa masu kiwon kasuwa a Masar da Tailan da sauran wurare maza zalla suke zubawa.

Maganar abincin gaskiya ce, kuma abin mamaki ne daga cikin hikimar Ubangiji. Karfasa ma, kamar mutum, tana da tsarin gado na XX ga mace da XY ga namiji, amma a makonnin farko na rayuwar ɗan kifi ba a yanke hukunci ba tukuna. Mai yankewa shi ne aromates. A jikin XX, ƙwayar gado mai suna foxl2 takan tayar da cyp19a1a, a samu istiradayol, sai jakar ƙwai ta ginu. A jikin XY kuwa amhy da dmrt1 sukan danne ta, sai a samu namiji. Duk abin da ya danne aromates a wannan ɗan lokaci, to namiji za a samu, ko da XX ne. A 2013 masu bincike a Japan sun nuna cewa har baligar macen karfasa, idan aka daɗe ana ba ta maganin da ke toshe aromates, tana iya komawa ta yi maniyyi.

Abincin da aka gaya miki, homon ɗin namiji ne na roba, metiltestostaron, ake haɗawa da garin abinci, miligiram 60 a kilo ɗaya, a ba 'ya'yan da suka fara cin abinci na tsawon sati uku zuwa huɗu. In an yi daidai, fiye da casa'in cikin ɗari maza suke fitowa. Ga wanda ya yi girma ba ya aiki, don haka naki na cikin tanki sun wuce wurin. Game da masu ci, ɗan kifin da aka ba maganin ko giram ɗaya bai kai ba a lokacin, jikinsa kuma yana fitar da shi cikin kwanaki, sai bayan wata biyar ko shida ake kai shi kasuwa. Gwaje-gwajen da aka yi ba su sami ragowarsa a naman irin wannan kifi ba.

Duk da haka ba na ba ki shawarar ki yi shi a gida. Haɗarin yana kan mai haɗa abincin da hannu, musamman mace mai ciki, da kuma ruwan da za a zubar a kwata. Gidan da yara ke kai-kawo ba wurin ajiye irin wannan hoda ba ne. 

Akwai hanyoyin da ba magani. Wani Bafaranshe, Jean-François Baroiller, ya nuna a 1995 cewa idan aka riƙe 'ya'yan karfasa a ruwa mai zafin digiri 36 na kamar kwana goma, daga wajen kwana na goma bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, maza sukan rinjaya sosai. Zafin ne ke danne cyp19a1a. Sai dai wani dangin kifin yana amsawa, wani ba ya yi, kuma in zafin ya zarce kaɗan mutuwa za su yi. Akwai kuma ubanni masu YY, wato mazan da ba su ɗauke da X, waɗanda jami'ar Swansea ta Birtaniya da wata jami'a a Filifin suka samar a shekarun 1990. 'Ya'yansu kusan duka maza ne ba tare da an ba su komai ba. Wanda ya fi dacewa da ke shi ne tantancewa da hannu. Idan kifi ya kai giram talatin, juya shi ki duba ɗan tsiron da ke bayan dubura. Na namiji siriri ne, da ƙofa ɗaya a ƙarshe. Na mace ya fi faɗi, akwai tsaga a kwance a tsakiyarsa. Ɗan ɗigon shuɗin wanki yana fito da tsagar fili. Ki ware mazan ki ci gaba da su, matan da ƙananan a soya.

Ki gaya wa maƙwabciyarki kuma, tarwadar da ake saya a titin Galadima ko 'Yankura ba a ba ta wannan homon, domin babu ribar da za a samu. Allura ma iyaye kaɗai ake yi wa, ba 'ya'yan da ake ci ba. Wannan jita-jita tana karya kasuwar bayin Allah masu neman halak ɗinsu, kuma tana hana yara naman da suke buƙata.

Tambaya: Baba, na yanka maza uku kafin in sami mai maniyyin kirki. Akwai allurar da zan yi wa namiji?
Daga ɗalibi mai koyon ƙyanƙyasa, Kabuga

Amsa: Ɗana, yawanci ƙuruciya ce. Namijin tarwada yana iya yin girman jiki tun yana wata shida, amma nasa homon, wanda ake kira 11-KT, sai ƙwayar gado cyp11b da 'yar uwarta hsd11b2 sun kama aiki sosai yake wadata, shi ne kuma ke tafiyar da yin maniyyi. Nemi wanda ya shekara ko fiye, mai dogon tsiro da jan baki. In ka buɗe, 'ya'yan maraina masu kyau farare ne kamar madara, a cike, gefensu da baki-baki. Masu garai-garai da ake ganin haske ta cikinsu ba su nuna ba. Ana iya yi wa namiji rabin allurar mace, yana ɗan ƙara ruwan maniyyin, amma ba ya mayar da yaro babba. Ka tsane su da ƙyalle mai tsabta kafin ka tsaga, ka tara a ruwan gishiri na asibiti. Kada ruwan famfo ya taɓa shi sai ya haɗu da ƙwai, domin da ya ji ruwa yake tashi, kuma cikin minti ɗaya zuwa biyu ya gama motsi.

Tambaya: Malam, kududdufaina suna kusa da kogi, da injin ban-ruwa nake cika su. Kifin yana girma, amma iyayen da na raina a ciki ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa kamar na abokina mai burtsatse. Ruwa yana iya yin haka?
Daga manomi, Tamburawa

Amsa: Alhaji, yana iyawa. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ruwan da ke kashe kifi nan take kowa yana gudunsa, amma wanda ke taɓa haihuwa a ɓoye yake aikinsa, kifin yana ci yana iyo.

Homon abu ne da ke aiki da ɗan mitsitsin adadi, kuma akwai sinadarai a ruwan datti da jikin kifi ke ɗauka tamkar istiradayol ne. Wasu daga fitsarin mutane da na dabbobi suke, wasu daga magunguna, wasu kamar nonilfinol daga sabulun masana'antun saƙa da na fata. A Ingila, binciken da Susan Jobling ta jagoranta a 1998 ya gano cewa a ƙasan wuraren da ake sako ruwan bahaya da aka tace, mazan kifi suna ɗauke da ƙwai a cikin marainansu. A wasu wuraren duk namijin da aka duba haka yake. A Kanada kuma an ware wani tafki na gwaji a lardin Ontariyo, daga 2001 zuwa 2003 ana zuba masa homon ɗin mace na roba, kimanin miligiram biyar zuwa shida a cikin lita miliyan ɗaya. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara yin gwaiduwa a hantarsu, haihuwa ta tsaya, kifin ya kusa ƙarewa a tafkin. Da aka daina zubawa, bayan wasu shekaru ya dawo.

Mu nan sanin kowa ne ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa kogin Challawa yake faɗawa, na Bompai da kwatocin cikin gari kuma Jakara. An sha auna kuromiyom da sauran ƙarafa masu guba a cikinsu, su ma suna cutar da hanta da jakar ƙwai, wuraren da duk aikin da na bayyana a sama yake gudana. Da rani abin ya fi tsanani, ruwa ya ja baya, dattin ya yi kauri.

Kafin ka ɗora wa kogin laifi, yi gwaji mai sauƙi. Raba iyaye 'yan ƙyanƙyasa ɗaya gida biyu, rabi a kududdufinka, rabi a tankin abokinka, abinci iri ɗaya, na tsawon wata uku. Ku yi musu allura rana ɗaya, da namiji ɗaya, a ɗakin ƙyanƙyasa ɗaya, ku ƙirga abin da ya fashe daga cokali guda na ƙwan kowace. Ka kuma ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ɗaya da rani ɗaya da damina, ka kai ɗakin gwaji a Jami'ar Bayero ko wani wurin da ake auna ruwa. Kafin sakamako ya fito, iyaye da ɗakin ƙyanƙyasa a mayar da su kan ruwan burtsatse, injin kuma kada a tayar da shi ranar da ruwan kogin ya canza launi ko yake kumfa. Idan kun yi gwajin, ku aiko mini da abin da kuka samu in buga a wannan fili, domin masu kududdufai a bakin kogin nan suna da yawa, daga Panshekara har Wudil.